Hagu Take Murzawa

Litinin, ƙarfe shida da rabi na safe

Littafin nan na saye shi ne don rubuta lambobin kwamfuresa. Shafi uku kawai na ci. Tunda babu shagon yanzu, bari ya yi wani aikin.

Yau zan je neman aiki. Na rubuta, na tsaya ina kallon rubutun kamar na wani. Shekarata arba'in da shida ban taɓa zama gaban tebur wani ya auna ni ba. Daga aji biyar na sakandare na fito da sukudireba ɗaya da filayar aro, na kai inda mutum huɗu ke cin abinci a ƙarƙashina. Firji, esi, ɗakin sanyi, duk na san cikinsu. Shekara goma sha tara. Wata huɗu ke nan da na miƙa makullin. Ba karyewa na yi ba, a rubuta wannan a ajiye. Mutum ne ba ya rabuwa biyu, rabi a shago rabi a bakin gadon asibiti.

Bahaguwa ba ta tashi ba. Matata ke nan. Tun muna neman aure nake kiranta haka, don komai da hagu take yi, har marin da ta taɓa yi wa wani kwandasta. Ƙanwarta Auta za ta zo ƙarfe bakwai ta zauna da ita.

Likitarta ta ce hannunta na hagu yana bukatar motsawa da na'ura sau uku a mako a babban asibiti, kuma wata shidan farko su ne komai. An ci huɗu. Manyan kamfanoni suna ba ma'aikaci katin asibiti har da iyalinsa. Katin nake nema, ba ubangida ba.

Na goge farar riga da kaina. Na tattara dadar kaina na ɗaure a baya da baƙar roba. A madubi, daga kunne zuwa gadon baya lafiya lau. Saiwar ce dai. Ba zan yi maganar saiwar ba.

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Otal ne. Tun daga ƙofa mai gadi ya tare ni: "Rasta, masu kiɗa ta baya suke shiga, kuma sai Asabar." Na nuna masa takardar kira. Ya karanta, ya dubi kaina, ya sake karantawa.

Wanda ya yi min intabiyu na girme shi da shekara goma sha biyar. Tambaya uku ya yi, duk ukun kaina ya yi wa, bai dubi idona ba. Can ya ce, "Malam, kar ka ji haushi, kana ɗan shan wani abu ne?"

Na ce, "Ina sha. Shayi, safe da yamma."

Bai yi dariya ba. Ya ce baƙinsu manyan mutane ne, in zan iya aski sai a duba. Na miƙe na ce masa esin da ke bayansa yana yoyon gas, kwana goma ba zai kai ba, wannan kyauta na ba shi.

Da na shigo Bahaguwa ta ce, "Mai Sanyi, ya ta kaya?"

"Wurin bai yi min ba."

"Wurin, ko kan?"

Bakinta ya ɗan karkace, amma harshen yana nan da kaifinsa.

Talata, ƙarfe huɗu na yamma

Wana ya zo. Bai ko zauna ba ya fara. Wai girman kai ne zai kashe ni, gashi ne ba yatsa ba, a aske ya sake tsirowa. Wai tun da can ya gaya min wannan kan ba na magidanci ba ne. Na bar shi ya ƙare, na raka shi bakin titi.

Shi yana zaton ado ne. Duk haka suke zato, ko kiɗa, ko hayaƙi. Babu wanda na taɓa gaya wa.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, likita na ƙarshe ya gaya mana abin da na farko ya gaya mana. Muka dawo gida, sati guda ba ta ce uffan ba. Ran Lahadi ta jawo 'yar kujerar nan ta katako ta ce, "Tunda Allah bai ba ni 'yar da zan yi wa kitso ba, kai za ka zauna." Na ɗauka wasa ne. Na zauna. Ta tsaga kan gida saba'in da huɗu. Daga ranar, duk Lahadi biyu ina ƙasa tana bisa, bayana a jikin gwiwarta, kwalbar mai a gefe, rediyo yana ta surutunsa. Tana murza saiwa ɗaya bayan ɗaya tana ƙirgawa. In ta gama sai ta buge min ƙeya ta ce, "'Ya'yana sun cika, tashi ka ba ni wuri."

Ni da ma'aikatana ba sa iya kallon idona.

Wata huɗu babu wanda ya ƙirga su.

Alhamis, ƙarfe bakwai na safe

Na ɗaga mata hannun sau ashirin yadda likitar ta nuna. Dumi yake kamar kullum. Na ajiye shi kan filo, ya zauna inda na ajiye shi.

Juma'a, ƙarfe uku na rana

Wani tsohon kwastomana mai sayar da kifi ya kira. Kamfanin madara na bayan tashar jirgi yana neman wanda zai riƙe ɗakunan sanyi. Ya ce ya ba da sunana, ya ce musu ko barci nake na fi injiniyoyinsu. Na ce, akwai katin asibiti? Ya ce har da na mata. Talata za su gan ni.

Ya ce, "Amma Oga, kan nan fa..." Na ce masa layin ba ya da kyau.

Lahadi, ƙarfe goma na safe

Kujerar tana saman kabad tun ranar da muka dawo daga asibiti. Ni na ɗora ta. Kwalbar man kuma na tura ta bayan kwalaben magani.

Yanzu a gida hula nake sawa. Ta ce, "Sanyi kake ji?" Na ce mura ce. Ta ce, "Allah ya sauwaƙe, murar wata huɗu."

Na kunna rediyo, na kashe.

Talata, ƙarfe shida na yamma

Zan rubuta wannan daki-daki don kar gobe zuciyata ta sake masa fasali.

Na tafi da jawabina a aljihu. Tun jiya nake haddarsa: cewa aiki a hannu yake ba a ka ba, cewa in askakke suke so su ɗauki ƙwai. Har inda zan miƙe tsaye na tsara.

Su biyu ne. Babban injiniya, dattijo mai furfura a gira, da matar ofis mai tabarau wadda ke ɗaukar ma'aikata. Injiniyan bai ko buɗe takarduna ba. Ya ce, "Malam, takarda ba ta sanyaya madara. Taso." Ya kai ni bayan ɗakin sanyi na uku. Ya ce sati biyu yana wahalar da su, sun sake gas, sun sake wani abu, har yanzu zafi yake ɗauka yana yankewa.

Na tsaya na saurara. Na yagi gefen takarda na saka a gaban ragar fanka. Maimakon iska ta ture ta, sai ta tsotse ta. Na ce, "Ranka ya daɗe, wa ya sake muku motar fanka?" Ya ce wasu ne suka zo. Na ce, "Sun juya waya biyu. Fankar baya take juyawa." Minti huɗu. Injiniyan ya riƙe ƙugu yana dariya har da tari. Ya ce, "Sati biyu! Kai, ina ka shige tun da?"

Rabon da in ji kaina ya kai tsawona na manta.

Muka dawo ofis. Mai tabarau ta cire tabarau ɗin ta ajiye. Na ce a raina, to, ga ta nan. Na gyara zama.

Ta ce, "Malam, maganar gashinka."

Na buɗe baki.

Ta ce, "Ba mu hana dada ba. Akwai mutum biyu a ɗakin gwaji da ke da ita. Amma nan wurin abinci ne, kowa hular raga yake sawa, kuma kai kusa da fanka da bel za ka yi aiki. Taka saiwar ta sake, ta kai yatsa uku, ta fara haɗewa da juna. Hular ba za ta zauna ba. Ka je a gyara maka, a murza ta tsaf, a ɗaure baya. Litinin ta sama ka dawo, manaja ya gan ka, a ɗauki hoton katin shaida. Aikin awa uku ne a kowane shagon gyaran gashi."

Jawabin ya zauna a aljihu. Da aski ta ce, da na san abin da zan yi da ita.

Ta miƙo fom na katin asibiti. Akwai layin da aka rubuta, ciwon da wani cikin iyali ke fama da shi. Na ce zan cike a gida.

Na gaya wa Bahaguwa labarin fankar. Ta yi dariya har ruwa ya zubo ta gefen bakin, na goge kamar ban gani ba. Ta ce, "Ba su ce komai a kan 'ya'yana ba?"

Na ce, "Ko kallo ba su yi ba."

Alhamis, ƙarfe biyu na rana

Na gwada da kaina a banɗaki. Mutumin da ke kwance kwamfuresa ya mayar ido rufe. Na kama ɗaya ta gaba, na murza, na saki, ta warware tana kallona. Na bayan ma ban san inda ɗaya ta ƙare ɗaya ta fara ba. Shekara goma sha ɗaya, ban taɓa ganin yadda ake yi ba. Ni dai ji nake yi.

Juma'a, ƙarfe takwas na safe

Awa uku ne a kowane shago.

Lahadi, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Auta tana taje mata kai a bakin taga. Na ji ta ce, "Ke Auta, hannunki kamar na mai faskare." Auta ta ce, "To Yaya, karɓi ki yi da kanki mana." Auta ta gane abin da ta faɗa, ta fara rantse-rantse. Bahaguwa ta ce, "Ci gaba, ai gaskiya kika faɗa."

Na fita na zagaya layin sau biyu ba tare da na sayi komai ba.

Sauran kwana takwas. Fom yana cikin littafin nan, layin yana nan fari.

Talata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Na je.

Na zaɓi shago mai nisa, mota biyu na hau, kamar mai zuwa wurin da bai kamata ba. Mai kitson matashiya ce mai fara'a, cingam a baki. Ta kwance robar ta ce, "Kai, Kawu! Wannan ai dukiya ce. Wa ke yi maka?" Na ce wata ce. Ta ce, "Ta yi tafiya ne?" Na ce ta fara aiki.

Kujerar mai juyawa ce, ga madubi har ƙasa. Ban taɓa ganin fuskata ana yi min ba. Ta shafa wani mai mai ƙamshin lemo. Hannunta da sauri, ba laifi. Amma tun ta farko na ji wani abu ba daidai ba, kamar an sa min takalmin dama a ƙafar hagu. Na ce a raina baƙon hannu ne.

Tana kan ta goma sha ɗaya, can ƙasan ƙeya, na ji abu ya tsinke. Ba zafi. Ta daina tauna cingam.

Ta ce, "Kawu, wallahi ban ja ba. Saiwar ce ta sirance." Ta duba sauran, ta sake dubawa, ta ce, "Wai tsaya. Wannan ai duk baya aka murza su. Kowa dama yake murzawa. Ni ina tufka ta wannan gefe, ashe tsohuwar tufkar nake warwarewa. Me ya sa ba ka gaya min ba?"

Ni da na gane fankar da ke juyawa baya a minti huɗu.

Na ce ta bari haka. Ta ce ta ƙarasa tunda yanzu ta gane. Na ce ta bari. Ta ba ni lambarta a takarda, ta ba ni wadda ta tsinke. Tsawonta ya kai kamu biyu. Na naɗe na sa a aljihun riga.

Na ja hula har kunne na shiga gida. Na sunkuya zan gyara mata filo. Ta ja numfashi sau ɗaya.

"Lemo."

Na ce a mota ne, wata mata ce kusa da ni.

"Cire hular."

Na cire. Ta sa hannun dama ta lalubi ƙeyata. Ba ta ko duba ba, yatsun suka tafi kai tsaye wurin da babu. Ta daɗe a wurin.

Ta ce, "Saba'in da uku."

Na fara bayani, kamfanin, mai tabarau, hular raga, katin. Ta ce, "Ka ce min ko kallo ba su yi ba." Ta juya fuska bango. Juyawar ma sai da ta yi ta sau biyu, ban isa in taimaka ba.

Laraba, ƙarfe bakwai na safe

Ta ce Auta ta ɗaga mata hannun yau.

Alhamis, ƙarfe bakwai na safe

Auta.

Alhamis, ƙarfe huɗu na yamma

Lafiya lau. Babu abin rubutawa. Na wanke kai sau uku, ƙamshin yana nan.

Juma'a, ƙarfe ɗaya na rana

Auta ta same ni a kicin ina wanke kofin da na riga na wanke.

Ta ce, "Oga Sanyi, kai dai ka iya inji, mutum ne ba ka iya ba."

Na ce ta kiyayi bakinta, ni ba sa'anta ba ne.

Ta ce, "Na kiyaye. Kana zaton don wata ta taɓa kanka take kuka? Tun wata biyu take ce min in nemo mai yi maka, ta kasa gaya maka don ka ɓoye kujera ka sa hula. Girki na karɓe, wanki na karɓe, wanka ma sai an yi mata. Abu ɗaya ya rage da ake tambayarta a gidan nan, shi ma ka je ka yi a ɓoye kamar ta riga ta..."

Ba ta ƙarasa ba. Ni ma ba zan ƙarasa mata a nan ba.

Na ce don kar ranta ya ɓaci na yi. Ta ce, "To ai ga shi bai ɓaci ba," ta ɗauki tire ta fita.

Asabar, ƙarfe goma sha biyu na rana

Wana ya kira ya ce ya ji an ba ni Litinin. Ya ce, "Ka rufa wa kanka asiri ka rufa wa baiwar Allah nan. Aski minti goma ne."

Na je wurin mai askin bakin kasuwa. Na zauna, ya yafa min ƙyalle, ya ɗaure a wuya. Ya ce, "Oga, duka?" Na ce duka. Ya ce, "Ka tabbata? Ni fa in na fara ba na mayarwa." Ya kunna injin.

A raina na ce, in babu su babu rigima. Manaja ya ga kai fes, a ba ni kati, ita kuma ta huta da ganin abin da ba za ta iya ba. Sai na ji muryar Auta. Wannan ma a ɓoye ne. Wannan ma ban tambaye ta ba.

Na kwance ƙyallen da kaina. Mai askin ya ce, "Dama na san ba za ka iya ba, tun shigowarka kake riƙe da aljihu."

Jibi ne.

Lahadi, ƙarfe shida na yamma

Da safe na sauko da kujerar. Ƙura ta yi mata lulluɓi. Na goge, na ajiye gaban gado, na fito da kwalbar mai daga bayan magunguna. Na cire hula na zauna, na ba ta baya. 

Na ƙirga motoci tara sun wuce a titi.

Ta ce, "Matso. Kai kullum sai ka zauna kamar baƙo."

Auta ta tayar da ita zaune, ta jera filo a bayanta. Na ji gwiwarta a bayana. Ta gwada da dama. Ta kama, ta murza, ya zame. Ta sake. Ya zame. Ina jin numfashinta a kaina yana sauri. Ta ce, "Ba ni hannunka. Na hagu, ba wannan ba." Ita ta riƙe gindin da dama, ni na murza da hagu, tana cewa, "Wajen taga. Wajen taga na ce, kai da fankarka." Daga ƙarfe tara zuwa sha biyu muka yi bakwai. Bakwai ɗin ma kamar igiyar ɗaure akuya. Kafaɗata ta mutu, ita kuma gumi ya jiƙa mata riga.

Ta saki. Ta ce, "Ba za mu kai ba."

Na ce za mu kai.

"Mai Sanyi, ba za mu kai ba. Yarinyar nan ta lemo, kana da lambarta?"

Na dafa aljihu.

"Ai na san kana da ita, tana aljihu ɗaya da ɗana. Kira ta. Ta zo nan. Ka ce kar ta kawo manta."

Ƙarfe ɗaya mai kitso ta iso, babu cingam. Ta durƙusa ta gaida ta, ta fara ba da haƙuri. Bahaguwa ta ce, "Tashi, ba laifinki ba ne, wanda ya kai miki kan bai san kansa ba. Wanke hannu. Zauna nan kusa da ni. Hagu ake murzawa. Na ƙeya ba a ja, lallaɓa su ake yi, nan ne yake kwana a kai. Wannan ta bayan kunne mai taurin kai ce, ta gado ubanta."

Mai kitso ta ce, "Anti, ai ke ya kamata ki buɗe shago."

Ta ce, "Kwastoma ɗaya gare ni, shi ma ya gudu."

Suka yi dariya su uku har da Auta. Ni ina ƙasa.

Can wajen ta ashirin na ji motsi. Ta sa hannun dama ta ɗauko na hagun daga cinyarta, kamar mai ɗaukar jariri, ta ɗora min a tsakiyar ka. Ta ce wa mai kitso, "Ki bi ta gefensa, kar ki ture shi." Nauyinsa kawai nake ji, da duminsa. Bai motsa ba. Awa uku yana nan. Mai kitso tana murzawa, ita tana ƙirgawa.

Na gode Allah babu madubi a ɗakin.

Da aka gama ta ce, "Saba'in da uku." Ta miƙo tafin dama ta gefen fuskata. Na ciro wadda ta tsinke na sa mata. Ta ce, "Da huɗu. Sun cika. Tashi ka ba ni wuri."

Ba ta buge min ƙeya ba. Na ɗan jira.

Litinin, ƙarfe shida na safe

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na cike layin. Kalma uku ce. Na rubuta ta da manyan baƙaƙe a fom ɗinsu, a nan ba zan rubuta ba.

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Manaja bai yi minti biyar da ni ba. Ya ce injiniya ya hana shi sakat da labarin fanka. Aka ba ni farar riga da hular raga, ta zauna daram. Mai hoto ya ce in ɗan yi murmushi, na ce ya ɗauka haka.

Mai tabarau ta karɓi fom, ta karanta layin, ta ɗago ta dube ni, ba ta ce komai ba. Na gode mata da wannan. Ta ce katin asibiti zai fito Alhamis. Sannan ta dubi kan ta ce, "Ka ga yadda ya yi kyau? Wane shago ne, in gaya wa na ɗakin gwaji?"

Na ce, "Ba shago ba ne, ranki ya daɗe. Matata ce."

Wata biyar saura kwana kaɗan. Likitar ta ce shida. Ban san abin da wata ɗaya zai iya ba, kuma na daina tambayar mutane.

Na dawo da labari a baki, na tarar tana barci. Auta ta sa yatsa a leɓe, ta nuna min da ido. Ƙwallon robar da likitar ta ba ta don matsawa yana ƙasa, ya gangara ƙarƙashin kujerar. A tafin hagun, wadda ta tsinke ce, yatsu uku sun lanƙwashe a kanta.

Ko da dama ta lanƙwasa su, ko su suka yi da kansu, ban sani ba. Auta ta buɗe baki za ta gaya min. Na ɗaga mata hannu.

Kujerar na bar ta a ƙasa.